Man shafawa na ciwon fata da hukuncin alwala

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ciwon sukari, kwanan nan tsakanin yatsun ƙafata ya yi fari yana saɓulewa, matsematsina ma ya yi ja yana ƙaiƙayi. Likita ya ce ƙwayar kandida ce, ya rubuta mini man clotrimazole in shafa safe da yamma, ya ce kada in bar wurin da danshi. Shin man yana hana alwala inganta, ko in koma taimama? Kuma na ga an rubuta alkohol a jikin kwalin.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Ci gaba da maganinka, domin Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama bin Sharik cewa Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani.

Abin da ke ɓata wankin gaɓa a alwala shi ne abin da ya daskare a kan fata ya tare ruwa, kamar fenti ko kakin zuma. Man da fata ta shanye, sai ɗan santsi ya rage, ba shamaki ba ne. Alwalarka ta yi.

Taimama kuwa, kada ka yi gaggawarta. Likita bai hana ka taɓa ruwa ba, barin danshi ya hana, kuma wannan ƙwaya a lema da ɗumi take yaɗuwa. To ka yi alwala, ka tsane tsakanin yatsun da ƙyalle mai tsabta, sannan ka shafa man. Imam Malik bai ga laifin goge ruwan alwala ba. A mazhabarsa ma tsettsefe yatsun ƙafa mustahabbi ne a alwala, a wankan janaba ne yake wajibi. In wurin ya tsage har ruwa na ƙara masa ciwo, sai ka shafi wurin da jiƙaƙƙen hannu, ko saman bandejin, ka wanke sauran.

Wajen shafa wa matsematsi, taɓa cinya ko maraina ba ya warware alwala, amma taɓa azzakari da cikin tafin hannu yana warwarewa. Gara ka bar wannan shafawar zuwa bayan Asuba da bayan Isha'i.

Alkohol ɗin irin waɗannan mayuka galibi cetostearyl ne, wani abu mai kama da kaki da ke sa man ya yi kauri. Ba giya ba ne, ba ya sa maye, ba najasa ba ne. Shafa shi a fata ba ya karya azumi. Kuma ko ƙaiƙayin ya lafa, ka cika kwanakin da likita ya ɗibar maka.

Wallahu a'alam.