Direbobina a zaune suke cike takardar duba mota, yaya zan yi da su?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne nake kula da tirela 11 na maigidana, muna ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa kudu, wasu ta Jos da Lafiya. Mun buga takardar duba mota ta kullum, amma direbobi a zaune a cikin mota suke cike ta, wani ma ta mako guda yake cikewa a zama ɗaya. Watan jiya birki ya ƙi wa ɗayansu a gangaren Hawan Kibo. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma takardarsa ta ranar ta nuna komai lafiya. Da na tsare shi sai ya ce iska a cike take, birki ne ya tsinke, tsautsayi ne. In na kore su, samun ƙwararren direba da wuya. In na ƙyale su, ina tsoron ranar da za mu kashe mutane. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoron nan naka a kan gaskiya yake, kada ka bari wani ya kwantar maka da hankali da cewa ai ba a rasa rai ba.

Zan fara da maganar direban, domin a nan cutar take. "Iska a cike take, birki ne ya tsinke." Kullum sai an ji wannan magana a gareji da tasha, daga bakin direba, daga bakin makaniki, har daga bakin masu motocin, kuma ba gaskiya ba ce. Gejin iska abu ɗaya tak yake gaya maka: akwai iska a tanki. Ba ya gaya maka ko iskar tana kaiwa ga kowace ƙafa, ba ya gaya maka ko in ta kai akwai abin da za ta matse. Direban da ya yarda cewa geji ya gama masa bincike ba zai taɓa sauka ya zagaya mota ba, ko ka buga masa takarda ɗari, domin a ransa ya riga ya duba.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashi. Iska tana shiga busta, wato gwangwanin birki da ke kowace ƙafa, ta tura sanda, sandar ta juya ajasta, ƙarfen da ake saita birki da shi, shu mai ɗauke da layinin birki ya buɗe ya manne da duram, gangar ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Sandar nan tana da iyakar tafiya. A busta mai lamba 30, irin wanda ya fi yawa a bodin tirela, dukan tafiyarta inci 2 da rabi ce, kuma in tana wuce inci 2, wato santimita 5, kafin shu ya kama, birkin ya fita daga ƙa'ida. A gareji da safe, duram da sanyi, mota ba gudu, irin wannan birki zai kama, direba ya ce lafiya lau. A gangara kuwa duram yana zafi ya buɗe, ya ƙara nisa da shu, layinin ya rage cizo. Sandar ta kai ƙarshenta ta tsaya, iska tana tura ƙarfe a kan ƙarfe, geji yana nan a cike. Kuma birkin iska ba kamar na ƙaramar mota ba ne da za ka ji ƙafarka tana nutsewa ka gane akwai matsala. Abin takawar haka zai ci gaba da yi maka a ƙafa har lokacin da ka taka ka ji ba komai. Wannan shi ne abin da suke kira tsinkewa. Makonni ya yi yana tahowa, kuma alli da abin awo na tela sun isa su nuna shi.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne aikin makanikan bakin hanya. Tiyon iska ya fashe, sai a lanƙwasa shi a ɗaure da waya ko roba, a ce in an isa gida a gyara, ba kuma za a gyara ba. Busta ya yi yoyo, sai a ɗaure sifirinsa da kusa a toshe layin. Wasu ma da gangan suke kashe birkin ƙafar gaba, wai yana fizgar sitiyari ko yana kifar da mota. Ka lura da wannan da kyau: da zarar an toshe layin da ke yoyo, geji sai ya ƙara kyau, iska ta daina sauka. Motar da aka fi lalata wa birki ita ce mai geji mafi tsayawa. Lissafin kuwa a fili yake. Kan mota da bodi masu gatari 6 suna da birki 12. In 4 a kashe suke, sauran 8 ɗin kowanne zai sha zafin da ya ninka nasa sau ɗaya da rabi, kuma shi ne zai fara gazawa a tsakiyar gangara. A ɗora a kan wannan al'adar sa mota a firi don a tsimi gas a sayar. Inji ba ya riƙe mota, kwamfaresa tana juyawa a hankali, direba yana ta taka birki yana saki, kowane taku yana zubar da iska. Sannan in an samu an tsaya, yaron mota ya kwara wa duram ruwa, ya tsattsage.

Maganar tsautsayi kuwa, mun yi imani da ƙaddara, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Wanda ya ɗaure tiyon birki da waya ya ɗauki tan 30 ya nufi Hawan Kibo, amana ya ci, ta mai mota da ta mutanen da ke bakin titi.

To, me ake nema daga direba da safe? Minti 20 ne, shi da yaronsa. A sa weji a tokare tayoyi, a tayar da mota iska ta cika, a kashe inji, a saki birkin ajiya. A danne birki a riƙe minti guda ana kallon geji ana saurare. In iska ta sauka fiye da psi 4 a ma'aunin geji, wato kashi ɗaya bisa huɗu da ɗan ɗori in gejin da "bar" yake awo, akwai yoyo. A tattaka birki har iska ta ragu a ga ko fitila ko ƙarar gargaɗi za ta tashi, domin da yawa an cire musu waya don ƙarar ta dame su. A zubar da ruwan tankunan iska, in baƙin mai yana fitowa tare da ruwan, kwamfaresa ta fara mutuwa. A yi wa kowace sandar busta alama da alli daidai inda ta fito, yaro ya taka, a auna. Layinin da ya gaza milimita 6 a canza shi. Kawunan zamani masu birkin faifai ba su da sandar waje, kaurin fad, wato abin da ke matse faifan, ake dubawa, amma bodin da suke ja yawanci duram ne. Kada kowa ya kuskura ya kwance bayan busta, sifirin da ke ciki yana kisa.

Taya da geji ake auna ta, da sanyi. Bugun ƙarfe da yaran mota ke yi tayar da ta sace sarai kawai yake nunawa, ba ya bambanta psi 120 da 90, alhali tayar ciki mai ƙarancin iska ita ce ke zafi ta fashe ko ta kama wuta. A duba notin ƙafa: layin tsatsa da ya zubo daga noti alama ce ya saki, kuma duk ƙafar da aka kwance a sake ɗaure ta bayan kilomita 50 zuwa 100. A haska mahaɗar kai da bodi da tocila a ga ta kulle, a ja mota kaɗan da birkin bodi a kame. Baƙin mai, ruwan lagireto, fitilu, sigina, madubi, abin kashe gobara, waɗannan ka san su. A tsayawar farko a hanya a kai hannu kusa da kowane duram ba tare da an taɓa ba. Wanda ke da sanyi alhali 'yan uwansa da ɗumi, ba ya aiki.

Yanzu kai da maigidanka. Ka tambayi kanka: in direba ya rubuta gaskiya yau, me zai same shi? A gidaje da yawa amsar ita ce mota ta tsaya, ya rasa tafiya, ya rasa alawus, a ce ya yi gyaran daga kuɗin hanya, wani lokacin ma a ce shi ya lalata. Mutumin da faɗin gaskiya ke hana shi kai cefane gida zai cike maka takarda a zaune. Saboda haka ka raba kuɗin gyara da kuɗin hanya gaba ɗaya, ka kuma sa wani kaso na alawus ga direban da motarsa ta tsaya saboda lahanin da shi da kansa ya kawo rahotonsa. Abin da ya rubuta a gyara shi, makaniki ya sa hannu a ƙasan rubutun. In ya kawo ƙara sau biyu aka ce ya lallaɓa, ba zai kawo ta uku ba. Binciken kuma a yi shi kafin lodi, ba a fafe gora ranar tafiya. In an riga an ɗaure tamfol mai kaya yana ta waya, ba mai iya tsayar da motar.

Takardar taka ma ka sake ta. Duk inda ake iya sa alamar "lafiya", za a sa. Ka mayar da ita ta lambobi: iska nawa ta sauka a minti guda, kowace taya nawa ta nuna, kowace sanda nawa ta tafi. Wanda ya ƙirƙiro lamba, awon farko zai tona shi. A rubuta ta da Hausa, da zanen mota da lambar kowace ƙafa, wanda ya fi iya ajami ya rubuta da ajami. In mota ta kwana a Legas ko Fatakwal, ya turo ɗan bidiyo ta WhatsApp yana faɗin ranar da lambar motar, yana nuna geji da sandunan. A bakin ƙofa ka sa mutum guda mai ikon riƙe makulli, wanda ba a ƙarƙashin mai neman lodi yake ba. Kai kuma duk mako ka zaɓi mota biyu ba tare da sanarwa ba, ka auna da kanka ka gwada da abin da aka rubuta.

Hukunci ya kasu biyu, kowa ya san shi tun farko a rubuce. Wanda abu ya kuɓuce masa a koya masa a gaban motar. Wanda ya sa hannu a kan ƙarya, gargaɗi, sai dakatarwa, sai sallama. Wanda ya kashe birki ya ɓoye, ko ƙwarewarsa ta kai ina, ba shi da gargaɗi na biyu.

Tunda motocinku sun wuce 5, tsarin RTSSS, wato ƙa'idojin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sa wa masu motoci da yawa, ya shafe ku, yana neman ku yi rajista, ku sa jami'i mai kula da lafiyar tafiya, ku ajiye bayanan direbobi da na gyara. Ku yi, amma kada ka ɗauka takardar shaidar lafiyar mota da ɗan kamasho ya karɓo maka ba tare da an ga motar ba ta auna maka wani abu.

Direban Hawan Kibo kada ka kore shi tukuna. Ka fara leƙa ƙarƙashin motarsa ka ƙirga birki nawa ne ke raye, ka bincika wa ya kashe sauran, da kuɗin wa, kuma ko ya taɓa faɗa aka share. A cikin makon nan ka auna sandunan duk motocin 11, ka kai wa maigidanka lambobin a rubuce, ka nemi ya faɗa a gaban direbobi cewa motar da mai ƙofa ya tsayar, shi ma ba zai buga waya ya ce a sake ta ba.