Amsa ga Yayana a Jos: dalilin da ya sa yaron ya tambayi wanda ya yanka

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da dukan mutanen gida, ina sanar da kai cewa saƙonka ya same ni, kuma na karanta shi fiye da sau ɗaya kafin na zauna ba ka amsa. Ka ce ɗanka da na turo muku hutu ya ba ka kunya a gidan Gwaggo a Gangare, domin an ajiye masa tuwo da miyar kaza, shi kuwa kafin ya sa hannu sai ya ɗaga kai ya ce, “Wa ya yanka?” Ka ce Gwaggo ba ta tanka ba, amma kowa ya ga ranta ya ɓaci. Daga nan ka tambaye ni wace irin rayuwa muke yi a tsakiyar teku da har yaro zai tuhumi tukunyar kakarsa, kuma shin mu da muka daɗe a can har yanzu Hausawa ne ko mun rikiɗe mun zama wani abu dabam. Ban ji haushin tambayar ba, domin da ni ne a wurin da abin da zan tambaya ke nan. Ina roƙon ka ba Gwaggo haƙuri a madadina, sannan ka saurari bayanina.

Tsibirin da muke zaune sunansa Biyoko, a ƙasar Gini Ikwatoriya, kuma shi ne wanda iyayenmu suka sani da Fernando Po, mutanen Kalaba kuma suke kira Panya. Garinmu Malabo yana bakinsa na arewa, tazarar da ke tsakaninmu da gaɓar Kamaru ba ta wuce kilomita 32 ba a inda ta fi kusa, har idan gari ya washe bayan ruwa mukan hango Dutsen Kamaru daga bakin tashar jiragen ruwa. Agogonmu ɗaya da naku, lokacin da kuke kiran Azahar a babban masallacin Jos mu ma muna alwala. Amma ƙasar ta Kiristoci ce, mafi yawansu Katolika, Sifen ce ta mulke su har suka sami 'yanci ranar 12 ga Oktoba 1968, kuma Musulmin da ke cikinta kaɗan ne, kusan dukansu baƙi ko 'ya'yan baƙi.

To, a kan wannan ne maganar yanka ta taso. Idan ka shiga kasuwa a nan, naman da za ka fara gani daskararre ne da aka kawo a kwali daga ƙasashen waje, kaji da fukafukan talotalo da naman alade duk a firiza ɗaya, a gefe kuma ga masu naman daji sun baje biri da beguwa da gada da aka kama da tarko. Maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Bubi, waɗanda su ne asalin mutanen tsibirin, da 'yan Fang da suka ƙetaro daga ɓangaren ƙasar da ke kan tudu, mutane ne masu kyauta, kuma idan suna biki sai sun aiko wa yara da abinci. Saboda haka tun yaro bai iya ɗaura wando ba uwarsa take koya masa cewa duk inda aka miƙo masa nama ya tambayi wanda ya yanka, idan kifi ne ya tambayi tukunyar da aka dafa shi. Su ma maƙwabtan sun saba, ba sa jin zafi, wata tsohuwa a layinmu ma ta keɓe tukunya guda da take cewa ta Hausawa ce. Ɗanka shekararsa goma sha uku yana yin wannan tambaya kullum, kuma bai taɓa zama a garin da mahauci da mai tuwo da mai gida duk suke fuskantar alƙibla ɗaya ba. Laifina ne da ban gaya masa kafin ya taso cewa a Gangare an riga an amsa tambayar tun kafin a haife shi ba.

Ko a tsakaninmu ba mu gama daidaitawa a kan kajin kwali ba. Wasu kwalayen suna zuwa da tambarin halal daga Barazil, kuma akwai malamanmu da suka ce tambarin ya wadatar, akwai kuma waɗanda suka ce sai sun ga wuƙa da idonsu. Ni ina cikin na biyun, ko da yake ba na aibata wanda ya ci, domin na san kuɗin kaza mai rai a wannan gari.

Abu na biyu da ya kamata ka sani shi ne ruwa, domin shi ne sarkin tsibirin nan, kuma rabin abin da ka gani a jikin yaron daga gare shi ya fito. Ku a Jos kuna ganin kun san damina, amma a nan ana somawa tun wajen Afrilu ba a sararawa sai bayan Oktoba, kuma akwai wani ƙauye a kudancin tsibirin mai suna Ureka da ruwan da yake sauka a cikinsa a shekara yakan haura milimita 10,000, yana cikin wurare mafi yawan ruwan sama a Afirka. Ruwan kansa ba shi ne damuwa ba, laimar da take zaune a cikin iska dare da rana ita ce take cin kaya. Shekarar da na zo, wato 2003, lokacin da kuɗin man fetur suka fara jawo 'yan kasuwa da magina daga ko'ina, na taho da takalman fata na Sallah da kilishi mai yawa da Inna ta ɗaure mini a takarda. Bayan kwana goma na buɗe akwati na tarar takalman sun yi kore shar da hunhuna, kilishin kuwa ya yi laushi kamar tsumma yana wari, ganyen Alƙur'anina sun manne da juna sai da na riƙa raba su ɗaya-ɗaya da bakin reza. Na zauna a bakin gado na yi ta kallon kilishin, kuma ina ganin ranar ce na fara gane cewa na bar gida da gaske.

Tun daga nan na koyi abin da kowane Bahaushe a nan ya sani. Kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji ba a barinsu a leda, sai a kwalba mai murfi ko a firiza. Garin tuwo ba a sayen na wata guda. Wanki yakan kwana biyu a igiya bai bushe ba, don haka guga ce take ƙarasa aikin rana, kuma dalili na biyu na gugar shi ne wani ƙuda da yake yin ƙwai a tufafin da aka shanya, tsutsarsa ta shiga fatar mutum ta yi ƙurji. Wannan ne ya sa ka ga yaron yana goge har singileti da safa, ba iyayi ba ne. A makarantar allonmu ma tawada ba ta bushewa da wuri, malam yakan jera alluna a gaban fanka. Sauro kuwa ba a magana, sai dai tun 2004 ake bin gida-gida ana feshin magani a bango, kuma zazzaɓin ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da yadda na tarar.

Ka yi dariyar yadda yake rawar ɗari da asuba har da bargo biyu. Yaya, yaron bai san hunturu ba. Ƙurar da take taso muku daga Sahara takan iso mana a Disamba da Janairu kamar hazo, amma ba ta zuwa da sanyi, leɓe ba ya tsagewa, kaushi ba ya fitowa. Wuri ɗaya ne yake tuna mini da Filato, wani gari a kan tudu da ake kira Moka, inda ake noman kayan lambu kuma hazo yake sauka da yamma kamar a Vom. Dutsen da ya fi tsayi a tsibirin, Basile, ya kai mita 3,011, ya ɗara duwatsun Shere nesa ba kusa ba, amma ba wanda yake zama a kansa.

Bayan ruwa sai jirgi. Gero ba ya yi a nan, dawa ba ta yi, albasa da wake da masara da gyaɗa duk sai an ɗauko su daga arewacin Kamaru zuwa Duwala, sannan a loda su a jirgin ruwa. Idan teku ta yi fushi ko jirgi ya lalace, cikin mako guda albasa takan zama abin da ake saye ɗaya-ɗaya. Abincin ƙasar rogo ne da agada da makani da kifi da manja, kuma yaranmu a kansu suka tashi, tuwonmu kuwa na shinkafa ne ko na semo, shi ya sa tuwon dawa ya yi masa nauyi. Fura sai ranar da wani ya dawo daga gida da ƙullin gero, a dama ta da madarar gari, a aika wa maƙwabta a kofi kamar magani.

Layya ita ce babbar jarrabawar jirgi. Kai kana iya zuwa Kara a Bukuru ana jibi Sallah ka taya rago goma kafin ka zaɓi ɗaya, mu kuwa ragunanmu suna tahowa ne daga arewa a mota har Duwala, su kwana a teku, su sauko a rame suna layi kamar masu maye. Yawancinmu mukan haɗu mutum bakwai a kan sa guda. Akwai shekarar da jirgin bai iso ba sai washegarin Idi da yamma, muka yi yanka a rana ta uku, kuma liman ya tsaya bayan Asuba ya tunatar da jama'a cewa kwanakin yanka uku ne, kada kowa ya ɗauka ibadarsa ta ɓaci. Naman ba ya kwana a rataye yadda ake yi a gida, domin kafin gari ya waye ya soma canja launi, a ranar ake soye shi tas. Ranar Sallah kuma ba hutu ba ce a ƙasar, sai mun rubuta wa makaranta takarda kafin a bar yara su je Idi. Lahadi ce ranar da gari yake rufewa, saboda haka ɗaurin aure da walimar suna da taron jama'a duk mun mayar da su Lahadi, sunan kansa dai ana raɗa shi a rana ta bakwai bayan Asuba, kowa ya wuce shagonsa.

Yanzu ga tambayarka ta ko mu Hausawa ne. A bakin mutanen garin nan, duk wanda ya sa doguwar riga ya nufi masallaci Bahaushe ne, ko daga Garwa ya fito, ko Maraɗi, ko Bamako, ko Dakar. Da farko nakan gyara musu, daga baya na daina, domin na lura sunan ya zama rumfar da dukanmu muke fakewa a ƙarƙashinta. Asusunmu ɗaya, kowane mai shago yana zuba abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata, daga ciki ake sayen likkafani, a biya wa marar lafiya asibiti, a sallami wanda kasuwa ta karye masa ya koma gida. Baƙo idan ya sauka yakan sami mai masauki da zai riƙe shi har ya tsaya da ƙafarsa, ba a tambayar garinsu sai bayan ya ci abinci. Wanda ya rasu a nan muke binne shi, a baƙar ƙasa mai laima da wani lokaci sai an kwashe ruwa daga kabari da bokiti, wanda kuma aka yi wa rasuwa a gida bai sami zuwa ba, mukan shimfiɗa tabarma a ƙofar shagonsa kwana uku a karɓi gaisuwa, kamar yadda aka yi mini lokacin rasuwar Inna. Shi ya sa da ɗanka ya ce maka babban amininsa Bahaushe ne amma ba ya jin Hausa, ba shirme yake yi ba, yaron Bambara ne daga Mali.

Hausar tasa da ka ce ta yi gargada, gaskiya ka faɗa. Da Sifaniyanci yake karatu, a titi yana yin Pichi, wato wani irin broka da ya samo asali tun zamanin da Ingila ta kafa garin a 1827, a masallaci kuma yana jin Hausar Kamaru da ta Nijar gauraye da Fillanci da Faransanci. Lissafin kuɗinsa ma na sefa ne, inda dala ɗaya take nufin sefa 5, jaka kuma 1,000, don haka kada ka yi mamaki idan ya rikice a gaban mai tumatir a Farin Gada. Wannan yana damuna fiye da yadda nake nunawa. Na kafa doka cewa daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa kawai ake yi, amma ina jin su da ƙannensa idan sun shiga ɗaki sun rufe ƙofa.

Ka kuma ce ba ya sakin jiki idan ana hirar siyasa a majalisa, yakan tashi ya bar wurin. Haka muka tarbiyyantar da su, kuma da gangan ne. Baƙo a nan da takardar zama yake numfashi, ana sabunta ta da kuɗi da jira, kuma ni kaina na taɓa kwana a tsare saboda tawa tana ofis ba a sa mata hannu ba, sai da dattawanmu suka je suka tsaya mini. Tsofaffi kuma ba su manta da 1975 da 1976 ba, lokacin da gwamnatin Murtala ta aiko da jirage aka kwashe dubban 'yan Najeriya masu aikin gonakin koko saboda azabar da suke sha a zamanin Macias Nguema, shugaban ƙasar nan na lokacin. Wanda ya ji wannan labari daga bakin waɗanda suka gani ba ya ɗaga murya a kan mulkin ƙasar da ba tasa ba. Kai ma ka san kakanmu da ya bar Kano ya zo Jos saboda kuza bai rasa irin nasa taka-tsantsan ba.

Shawarar da ka kawo ta a bar shi a hannunka shekara guda ya yi tilawa ya gyara harshe, na yi magana da mahaifiyarsa, ta yi kuka amma ta yarda. Zan aiko da kuɗin makaranta da na rigunan sanyi ta hannun wani ɗan'uwa da zai taso ta Duwala a ƙarshen wata. Ina roƙon ka kai shi gidan Gwaggo da kanka ya durƙusa ya ba ta haƙuri, kuma a riƙa sa masa man kaɗanya a ƙafa da dare, domin fatarsa ba ta saba da bushewar iska ba. A gaida Yaya babba da yara. Wassalam, ƙaninka.