Mayar da Hoto Mai Launi Zuwa Baƙi da Fari: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Kyamarata tana da saitin baƙi da fari. In riƙa ɗauka da shi kai tsaye, ko in ɗauka da launi in mayar daga baya?

Amsa: Malam, ɗauki da launi. Idan ka saita kyamara a kan baƙi da fari kuma JPEG take ajiye maka, wato hoton da ta riga ta sarrafa ta matse, ta riga ta yanke yadda kowane launi zai koma toka, ta zubar da sauran bayanin. Daga baya ba ka da yadda za ka ce ja ya yi haske, shuɗi ya yi duhu, domin babu ja babu shuɗi a hoton. Launin nan da kake son cirewa shi ne linzamin aikin gaba ɗaya.

Idan kyamarar tana ajiye RAW, wato ɗanyen hoton da ba ta sarrafa ba, ka huta. Kunna saitin baƙi da fari don ka riƙa ganin kamannin hoton a allo, amma ka zaɓi RAW, ko RAW da JPEG tare. RAW yana riƙe launinsa ko da allo ya nuna maka toka. Akwai kuma maganar zurfi: JPEG mataki 256 yake da shi daga baƙi ƙirin zuwa fari fat a kowane launi, RAW kuwa na yawancin kyamarori yana da 4,096 ko 16,384. Wannan ratar ita ce ke sa hoto ya jure gyara mai nauyi.

Tambaya: Na rage launi zuwa sifili a manhaja, sai hoton ya fito lami. Jar fulawa da korayen ganyayenta duk suka zama toka iri ɗaya. Me na yi ba daidai ba?

Amsa: Hajiya, rage launi zuwa sifili shi ne hanya mafi sauri kuma mafi rauni. Ja da kore sun sha bamban a ido, amma sau da yawa haskensu kusan ɗaya ne, to idan aka cire launin babu abin da ya rage ya raba su. Ido ma ba ya auna launuka daidai wa daida. Lissafin da aka daɗe ana amfani da shi yana ba kore kusan kashi 59 cikin 100 na haske, ja kashi 30, shuɗi kashi 11.

Ki nemi sashen baƙi da fari mai ma'aunan launi da ake ja dama ko hagu. Photoshop yana da shida, Lightroom yana da takwas. A hoton fulawar, ja ma'aunin ja zuwa dama har fulawar ta fito fili, sannan ki ja na kore da na rawaya zuwa hagu. Kada ki manta da rawayar, domin ganye yana ɗauke da rawaya fiye da yadda ake zato, shi ya sa ma'aunin kore kaɗai ba ya motsa shi sosai. Idan manhajarki mai ma'auni uku ce, ja da kore da shuɗi, ki kula jimillarsu ta tsaya kusa da 100. Misali ja 70, kore 30, shuɗi 0. In ta haura sosai, wuraren haske za su ƙone su koma fari babu komai ciki.

Hoton fuska ya fi buƙatar haƙuri. Fatar mutum, baƙi ne ko fari, tana ƙarƙashin ja da ruwan lemo. Ƙara su yana haska fuska ya lafar da ƙuraje, ƙara shuɗi kuwa a manhaja mai ma'auni uku yana duhunta ta ya tono kowane tabo da gautsi. Amma a bi a hankali. Mai duhun fata idan aka ja masa ruwan lemo da yawa, fuskar takan yi furu-furu, leɓe ya kusa ɓacewa, mutumin ya daina kama da kansa. Ɗaga shi kaɗan, ki duba goshi da kumatu ki tabbatar ƙyallin fatar bai ƙone ba, sai ki ƙarasa da ma'aunin bambancin haske da duhu.

Tambaya: Sai na sayi manhaja mai tsada?

Amsa: A'a. GIMP, darktable da RawTherapee kyauta ne a kwamfuta, kuma duk suna ba ka damar haɗa launuka da hannunka. A waya, Snapseed kyauta ce. Silver Efex na kamfanin DxO yana da kyau ga mai wannan aiki kullum, amma saurin aiki yake sayar maka. Duk manhajar da za ka zaɓa, ka yi gyara a kan kwafi, ka bar asalin mai launi.

Tambaya: Na ga ana sayar da gilasan ja da rawaya da ake ɗaura wa a bakin kyamara don samaniya ta yi duhu. In saya? Kuma kyamarar da baƙi da fari kaɗai take ɗauka fa?

Amsa: Gilasan nan na zamanin kyamara mai fim ne. A kyamarar dijital mai launi suna rage hasken da ke shiga, kuma abin da suke yi za ka iya yi da ma'aunin shuɗi. Gilashin da ya cancanci kuɗinka shi ne mai kashe ƙyalli, wanda ake murzawa. Yana cire walƙiyar ruwa da ta ganye, abin da manhaja ba ta iya dawo da shi.

Sai dai duhunta samaniya a manhaja yana da iyaka. Cikin kowane ɗigo huɗu na na'urar kama haske, biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, don haka bayanin shuɗi bai kai na kore yawa ba. Ja ma'aunin shuɗi hagu da ƙarfi, sai samaniya ta yi tsaki-tsaki, ko ta rabu layi-layi musamman a JPEG, ko wani farin zare ya bi gefen rufin gini da rassan bishiya. Girmama hoton zuwa kashi 100 ka duba waɗannan wuraren, da zarar zaren ya bayyana ka koma baya kaɗan.

Kyamarori irin Leica M Monochrom da ta fito a 2012 da Pentax K-3 Mark III Monochrome ta 2023 ba su da matatar launi a kan na'urar, shi ya sa hotonsu ya fi kaifi kuma ya fi tsabta a wuri mai ƙarancin haske. To amma babu launin da za ka juya daga baya, kuma a nan ne gilasan ja da rawaya suke dawowa da amfaninsu. Ba mu ba mai koyo shawarar fara da irin waɗannan kyamarori ba.

Tambaya: A allo hoton yana da kyau, da na buga sai ya fito da ɗan kore-kore.

Amsa: Firinta mai tawada huɗu tana haɗa toka ne daga tawadar launi, kuskure kaɗan a haɗin sai ya karkata zuwa kore ko shunayya. In ka umarce ta da baƙar tawada kaɗai, karkatar za ta tafi amma wuraren haske za su yi ɗigo-ɗigo. Mai niyyar buga baƙi da fari da yawa ya nemi firinta mai tawadar toka ɗaya ko biyu bayan baƙar. In wurin masu wanke hoto za ka kai, ajiye shi a tsarin launi na sRGB, ka fara da ƙaramin gwaji, ka duba shi a hasken rana da kuma ƙarƙashin fitila kafin ka ba da babba. Idan ya fito da duhu fiye da yadda ka gani, allonka ne ya cika haske. Rage shi zuwa kusan rabi ka sake gyaran.