Waya, Gishiri da Hoto a Kan Teku: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Wasu na shirin tafiya hutu Zanzibar a Tanzaniya tare da abokai, wata kuma tana can yanzu haka wayarta ta jiƙe. Na haɗa su wuri guda domin amsar wani za ta amfani wani.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne, abokai tun makaranta. Mun yi adashe za mu je Zanzibar mu hau irin jirgin katakon nan da iska ke turawa. An rubuta IP68 a kwalin wayata. Zan iya shiga teku da ita in ɗauki hoton kifaye? Daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya kai ku lafiya. Ɗan'uwa, kada ka shiga da ita haka nan ba kariya. Lamba 6 ɗin tana nufin ƙura ba ta shiga, 8 kuma tana nufin wayar ta jure nutsewa a gwaji. Samsung kan ce mita 1.5 na minti 30, Apple kuma ta ce mita 6 na minti 30 tun daga iPhone 12. Sai dai ana yin gwajin ne da sabuwar waya, a ruwa mai tsafta marar gishiri, wanda ke tsaye cik ba ya motsi. Ruwan teku kuwa ya fi ɗaukar lantarki, idan ya bushe kuma ya bar ƙwayoyin gishiri suna cin ƙananan ƙarafan da ke ramin caji da na lasifika. Shi ya sa wayar kan yi aiki garau a ranar, sai bayan an dawo gida caji ya fara gardama.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Gam da siririyar roba ne ke tare ruwan, kuma suna saki da tsufa, da zafi, da faɗuwa ƙasa. In an taɓa buɗe wayarka an canza sikirin ko batir, ko kuwa tokumbo ka saya ba ka san tarihinta ba, ka ɗauka kawai wannan kariyar babu ita. Kamfanonin da kansu ba sa sa ɓarnar ruwa cikin garanti.

Ka sayi jakar roba mai kulle da ake sa waya a ciki, mai igiyar ratayawa a wuya. Kafin tafiya ka gwada ta a gida: ka sa takardar tishu a ciki, ka kulle, ka danna ta cikin bokitin ruwa na rabin awa. In tishun ya fito a bushe, to. A ƙarƙashin ruwa sikirin ba ya jin yatsa, don haka ka buɗe kyamara tun kana sama, ka riƙa danna maɓallin ƙara sauti, shi ne zai ɗauki hoton. In kuwa da gaske kifayen kusa da tsibirin Mnemba kuke so su fito tas, ku haɗa kuɗi ku shida ku nemi ƙaramar kyamara irin GoPro, wadda ke jure mita 10 ba tare da an sa ta cikin wani abin kariya ba. Hoton da aka ɗauka ta cikin jakar roba yakan ɗan yi dishi-dishi.

Tambaya: Malam, ina Nungwi, da wayar ƙawata nake rubutowa. Igiyar ruwa ta watso mana cikin jirgi, tawa ta jiƙe, yanzu tana cewa akwai ruwa a ramin caji. An ce in binne ta cikin shinkafa.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Kada ki jona ta da caji, wannan shi ne na farko, domin wuta da ruwan gishiri in suka haɗu a ramin nan take ɓarna ke farawa. Ki kashe ta, ki cire mata riga. In irin mai IP68 ce kuma ba a taɓa buɗe ta ba, ki ɗauraye ta a hankali da ruwan sha don gishirin ya fita. In ba ita ba ce, ki goge da tsumma mai ɗan danshi kawai. Sai ki juya ramin cajin ƙasa ki ɗan bubbuga ta a tafin hannu, ki ajiye a inuwa gaban fanka. Ban da na'urar busar da gashi, ban da rana, ban da cusa auduga ko tsinke a ramin. Shinkafa ba ta zuƙo ruwan da ke ciki, Apple ma ta gargaɗi mutane cewa ɓurɓushinta na iya shiga wayar. Bushewar kan iya ɗaukar yini guda cur. In kin ga raɓa ta cikin gilashin kyamara, ruwa ya riga ya shiga ciki, ki bar ta a kashe ki kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke.

Tambaya: Ina son ɗaukar hoto sosai, amma duk wanda na ɗauka a bakin ruwa fuskokinmu kan yi baƙi ƙirin, ruwan ya yi fari fat, hoton kuma a karkace. Wayar ce ba ta da kyau? Daga Zariya.

Amsa: Da wuya laifin wayar ne, Malama. Kyamara tana auna hasken da ya fi yawa a gabanta, a teku kuwa sama da ruwa da farin rairayi duk walƙiya suke. Sai ta rage haske don kada su ƙone, mu kuma masu duhun fata fuskarmu ta nutse. Maganin yana hannunki. Ki taɓa fuskar mutum a sikirin, za ki ga alamar rana ta fito a gefe, ki ja ta sama kaɗan har idanu su bayyana. In kin danne wurin na ɗan lokaci, hasken zai kulle ba zai riƙa canzawa ba duk sanda jirgi ya juya. Ki bar HDR, wato saitin kyamara da ke daidaita wurin haske da na duhu a hoto, a kunne.

Amma inda kika tsayar da mutanen ya fi duk wani saiti. Da tsakar rana hasken daga ka yake saukowa, ya bar ramin inuwa a idanu, kowa ya yamutse fuska. A jirgin akwai inuwa kyauta, wato ta babban ƙyallen da iska ke turawa. Ki zaunar da ƙawayenki a gindinsa suna fuskantar buɗaɗɗen ruwa, hasken da ke dawowa daga farin ƙyallen yana da taushi, yana yi wa fata kyau ƙwarai. Ni a wurina hoton da ya fi daɗi a irin wannan tafiya ba na jeruwa a ce kowa ya yi murmushi ba ne. Hannun matuƙi yana jan igiya, ƙawa ta sunkuya tana taɓa ruwa mayafinta na kaɗawa, yankakken kankana a kan katakon da gishiri ya kodar, waɗannan ne za ki riƙa komawa kina kallo.

Ki kuma san agogon wurin. Zanzibar na kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, rana kan faɗi tsakanin ƙarfe 6 da 7 na yamma duk shekara, kuma duhu ba ya jira, da ta nutse sai dare. Saboda haka ki shirya tun bayan la'asar. Faɗuwar rana a yammacin tsibirin ake kallo, wajen Kendwa da Nungwi da Stone Town, fitowarta kuma a gabas, wajen Paje da Jambiani. In kina son jirgi ya fito baƙi a gaban jan sama, wannan karon ƙasa za ki ja alamar ranar.

Karkacewa kuwa, ki shiga saitin kyamara ki kunna Grid, layuka za su bayyana, ki daidaita ɗaya da inda sama ta haɗu da ruwa. Jirgi na rausaya, don haka ki manne gwiwar hannu a jiki ki ɗauki da yawa a jere, sannan ki zaɓa. Kada ki ja hoto da yatsu don ya matso, yana fashewa. Ki tsaya a 1x ko lambobin da wayar ta rubuta da kanta. Kafin kowane hoto ki goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi, feshin gishiri da maiƙon yatsa su ne ke sa hazo. In kin fito daga ɗaki mai na'urar sanyaya gilashin zai yi raɓa, ki ba shi 'yan mintoci.

Wani abu da ba na saiti ba: yawancin mutanen Zanzibar Musulmi ne masu kamun kai kamar mu. Matan da ke noman ciyawar teku a Paje da masassaƙan jirage a Nungwi bakin aikinsu suke. A yi sallama, a nemi izini, in sun ƙi a haƙura.

Tambaya: Ta yaya za mu haɗa hotunan kowa wuri ɗaya? A WhatsApp lalacewa suke yi, wayata kuma ta kusa cika.

Amsa: WhatsApp yana matse hoto don ya rage data. Ko an danna HD ɗin da ya ƙaro a 2023, ba ainihin hoton ne ke zuwa ba. In dole sai ta nan, ka tura shi a matsayin fayil. Abin da ya fi shi ne ɗayanku ya buɗe kundin haɗaka a Google Photos ya tura wa kowa mahaɗin, yana aiki a iPhone da Android duka. Ka tuna gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta har da Gmail da Drive ake cin sa.

Bidiyo ne ke cinye wuri. A iPhone minti ɗaya na 4K kan ci kusan megabait 170, na 1080p kuwa kusan 60, kuma a sikirin waya da ƙyar ido zai bambance su. Ka mayar da shi 1080p.

Roƙon da zan yi muku da babbar murya: kowane dare in kun koma masauki, ku hau Wi-Fi ku tura hotunan ranar, ku tabbatar sun gama hawa kafin a kwanta. Wayar da ta sulale daga hannu a tsakiyar teku ba mai ciro ta, in hotunan na cikinta kaɗai sun tafi ke nan.

Tambaya: Za a bar ni in shiga jirgin sama da pawa bank mai 20,000mAh? Ina kuma son tafiya da ɗan jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto.

Amsa: Za a bari, amma a jakar hannu, ba cikin akwatin da ake aunawa ba. Iyakar da aka saba ita ce 100Wh (Wh ma'aunin wutar da batir ke riƙewa ne), naka kuwa kusan 74Wh ne. Wasu kamfanonin jiragen sama sun hana amfani da shi a cikin jirgi, ka duba dokar wanda za ka hau. Soket ɗin Tanzaniya mai baki uku ne irin na Najeriya, kan cajarka zai shiga. A kan teku kada ka bar waya ko pawa bank a rana kan katako; Apple ta ce iPhone an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, in ta wuce sikirin ya dushe, caji ya tsaya, wani lokaci kyamarar ta ƙi buɗewa. Ka naɗe su a tawul cikin jaka marar shan ruwa, a inuwa.

Shi kuwa ɗan jirgin hoto, Tanzaniya na buƙatar a yi masa rajista da hukumar jiragen samanta a kuma sami izini kafin a tashe shi. Ga iskar teku mai ƙarfi, ga wahalar saukar da shi a kan jirgin da ke tafiya yana rausaya. Don hutun 'yan kwanaki, shawarata ka bar shi a gida.