Ana iya auna kumburin hanyar numfashi kafin a ƙara wa mai asma magani?

Tambaya: Likita, maigidana yana fama da asma, kuma duk shigowar hunturu sai a ƙara masa maganin shaƙa mai sitiroyid, wani lokacin har da ƙwayar sitiroyid ta sha mai suna prednisolone. Shin akwai gwajin da zai nuna yana bukatar ƙarin? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, akwai, kuma tambayarki tana kan hanya, domin tsananin tari da sarƙewar numfashi ba kullum suke tafiya daidai da kumburin da ke cikin hanyoyin iska ba, alhali kumburin ne sitiroyid ke magancewa.

Gwaji mafi sauƙi shi ne wanda ake kira FeNO. Majinyaci zai hura iska a hankali cikin wata ƙaramar na'ura na kimanin daƙiƙa 10, ita kuma ta auna iskar nitric oxide, wadda takan ƙaru idan akwai irin kumburin da ke jin sitiroyid. Bisa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta fitar a 2011, idan sakamakon babban mutum ya gaza 25, da wuya ƙarin maganin ya amfane shi, idan kuwa ya haura 50, akwai kyakkyawan zaton zai amfana. Sai dai shan taba yana rage adadin, mura ta borin jini kuma tana ɗaga shi, don haka likita ba zai yanke hukunci da lamba kaɗai ba.

Akwai kuma ƙirga ƙwayoyin eosinophil, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ke yawaita idan akwai irin wannan kumburi, a cikin kaki. Wani bincike da aka yi a Leicester ta Ingila, aka wallafa a 2002, ya nuna cewa daidaita magani da wannan ƙirga ya rage munanan tashin cutar sosai, amma aikin yana bukatar ɗakin gwaji na musamman. Ana iya ƙirga su a jini ma, sai dai a yankinmu tsutsar ciki tana ɗaga adadinsu ko babu asma.

Abin da ya fi damuna shi ne prednisolone da ake maimaitawa, musamman wadda ake saye a kemis ba da umarnin likita ba, domin yawan shanta yana jawo hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi. Maganin shaƙa bai kai ta haɗari ba ko kusa, kuma kada maigidanki ya daina shi da kansa.

Idan FeNO ya yi sama duk da yana kan magani, sau da yawa dalilin shi ne ba ya shaƙa kullum, ko kuma ba ya shaƙa daidai. Ki raka shi asibitin koyarwa mai sashen ciwon ƙirji kafin hunturu, ya tafi da abin shaƙarsa, likita ya ga yadda yake amfani da shi, sannan ku tambaya ko suna da na'urar FeNO.