Tambaya da Amsa: Wurin Shaƙatawa a Gefen Tashar Jirgin Ƙasa

Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin da aka damƙa wa fili mai faɗin hekta ɗaya da rabi, manne da sabuwar tashar jirgin ƙasa a bayan gari, domin a mai da shi wurin shaƙatawa. Wasu sun ce a fara da dashen itatuwa, wasu sun ce filin wasan yara. Ta ina ake farawa?

Wa alaikumus salam, Malam. Da hanya ake farawa. Irin wannan wuri mutum biyu yake yi wa hidima: mai sauri da ke tsoron jirgi ya tafi ya bar shi, da wanda ya zo ya miƙe ƙafa ya sha iska. Idan ba a raba musu wurin tun a kan takarda ba, kowanne sai ya ɓata wa ɗaya.

Kafin a zana komai, ku tura mutane su tsaya a filin kwana uku na aiki da rana ɗaya ta hutu, safe da yamma, su riƙa ja a kan taswira ta ina jama'a ke ɓullowa, ina suke nufa, su nawa ne. Mai tafiya a ƙasa yana cin kusan mita 400 a minti biyar, don haka yawancin masu zuwa tasha da ƙafa daga cikin mita 800 na kewaye za su fito. Inda layukan suka fi yin kauri a taswirar, nan babbar hanyarku take, kuma a miƙe za a yi ta zuwa ƙofar tasha. Mai zane yakan so ya lanƙwasa ta don ta yi kyau a hoto. Mai sauri kuwa ba ya bin lanƙwasa: zai yanke ta kan ciyawa, cikin 'yan watanni sawu ya fito, ƙasa ta danne ta daina shan ruwa, ruwan sama na zuwa ta zama caɓi.

Faɗin babbar hanyar kada ya gaza mita 3 idan masu keke da masu ƙafa za su haɗu a kanta, a buɗa ta zuwa mita 4 ko fiye a bakin tasha, inda mutane ke fitowa lokaci guda. Ƙananan hanyoyi mita 1.8, yadda keken guragu biyu za su wuce juna. Gangara kada ta wuce tashin mita ɗaya a cikin mita 20. Inda tudu ya tilasta, iyaka ɗaya cikin 12 ne, da wurin hutawa a shimfiɗe duk bayan mita 9 da ƙarfen dafawa. A ɗan karkata daɓen gefe guda, kamar kashi 2 cikin 100, don ruwa ya zurare.

Bayan an gama da hanya ne za a raba sauran filin: wurin zama da na yara a ɓangaren da ya fi nisa da layin dogo, wurin ajiye kekuna kuma a bakin ƙofar tasha, inda ido ke kai. In kuka ɓoye shi a lungu, a jikin shinge da itatuwanku za a riƙa ɗaure kekunan.

Ni uwa ce, ƙarar jirgi ce damuwata. Idan aka jera itatuwa a gefen dogo, za su tare ta?

Malama, gaskiya ba za su tare ba. Layi ɗaya ko biyu na itatuwa ido kawai suke karewa, ƙara ta tsakaninsu take bi ta wuce. Abin da ke rage ta shi ne nisa, da abu mai nauyi marar ɓula. Tudun ƙasa ko katanga da ta kare layin gani tsakanin ƙafafun jirgi da kunnen mai zaune tana rage kusan desibel 5 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), mai tsayi sosai ta kai 10, wanda kunne ke ji kamar an rage rabin ƙarar. Katanga mai rata a ƙasa ko tsakanin allunanta asarar kuɗi ce. Idan za ku auna, a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawarar kada matsakaicin ƙarar jiragen ƙasa ya haura desibel 54.

Mun fi son tudun ƙasa, domin ƙasar da aka haƙo wajen aikin za ta iya zama kayansa, idan gwaji ya nuna tsabtatacciya ce. Sai dai yana cin wuri: tudu mai tsayin mita 2 da gangarar ɗaya cikin uku, wadda injin yankan ciyawa zai iya hawa, gindinsa ya haura mita 12.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba a matsar da manyan itatuwa kusa da dogo. Ganye idan ya zuba a kan ƙarfen, ƙafar jirgi ta niƙe shi da danshi, sai ya zama wani baƙin santsi da ke hana birki kamawa. A Birtaniya kowace kaka wannan na jawo jinkirin jirage. Reshe kuma na iya kaiwa ga wayar lantarkin sama, wadda a layuka da yawa take ɗauke da bolt 25,000. Ku nemi ƙa'idar tazara daga hukumar jiragen a rubuce kafin ku haƙa rami ko ɗaya, kuma shingen da ya raba filin da dogo kada ya gaza mita 1.8, marar matakin da yaro zai taka.

An ce mana filin tsohon wurin ajiye kayan jirgi ne. Akwai matsala?

Akwai, kuma wannan ba a yi masa ganganci. Irin waɗannan filaye sukan ƙunshi man dizal da baƙin mai da suka tsiyaya shekara da shekaru, da tokar kwal, da dalma daga tsohon fenti, da gubar asenik, da kiriyosot ɗin da ake jiƙa katakon dogo da shi don kada ya ruɓe. Babba mai wucewa da takalmi ba shi ne abin ji ba. Yaro ɗan shekara biyu da zai zauna ya damƙi ƙasa ya kai baki, shi ake tsoro wa, domin dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa.

A fara da binciken tarihin filin ta tsofaffin taswirori, sannan a ɗebi samfurin ƙasa daga wurare da zurfi daban-daban a kai ɗakin gwaji. Inda gubar ta taru a kwashe a kai wurin da aka amince. Inda ta yi sauƙi, akan shimfiɗa kyalle mai launi a matsayin alama, a zuba ƙasa mai tsabta santimita 30 zuwa 60 a kai, gwargwadon abin da hukumar muhalli ta gindaya. Amfanin kyallen shi ne duk wanda ya zo haƙa daga baya ya gan shi ya san ya iso iyaka. Kada a yi kujera ko dakalin fure da tsohon katakon dogo, komai kyansa.

Ruwan da ke gangarowa daga wurin ajiye motocin tasha fa, ina za mu kai shi?

Lissafinsa mai sauƙi ne. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ruwan milimita 25 a kan hekta ɗaya na kwalta ya kusa lita 250,000, kuma a guje yake zuwa. Maganinsa kwari marar zurfi, santimita 15 zuwa 30, da aka shuka wa ciyayi masu jure jiƙa da bushewa, faɗinsa kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na daɓen da ke zubo masa. Ku haƙa ramin gwaji tukuna, ku cika shi da ruwa ku ga saurin tsotsewa. Ya kamata kwarin ya ƙafe cikin awa 48. Sauro yana buƙatar kusan mako guda kafin ya tashi daga ƙwai, don haka ba zai samu damar hayayyafa a ciki ba. In ƙasar laka ce, a binne bututu mai huji a ƙarƙashi, a yi masa mafitar ambaliya zuwa magudana. Kada a bar ruwan ya nutse kusa da tudun da dogo ke kai, yana sassauta shi.

Jirgin ƙarshe da dare yake isowa. Ya za a yi mata da tsofaffi su ratsa wurin ba tare da fargaba ba?

Hajiya, ki dage a kan abu uku a taron kwamiti. Na farko, mai tafiya ya hango ƙarshen hanyarsa: a datse shuke-shuke su tsaya ƙasa da mita ɗaya, a sassabe rassan itatuwa har zuwa mita biyu da ɗori, tsakaninsu ido ya wuce. Na biyu, fitilu gajeru, mita 4 zuwa 5, kusa da juna, masu haskaka fuskar mai tahowa. Fitila ɗaya mai tsananin haske tana kashe ido, ta bar duhu mai kauri a bayanta, kuma doguwar fitila idan itatuwa suka girma ganye take haskawa. Na uku, ƙofa fiye da ɗaya, kuma babbar hanyar a buɗe take muddin jirgi na aiki, ko da an kulle sauran wurin. A nan ne tudun tare ƙara kan jawo matsala, don haka a ajiye shi can gefen dogo, kada ya shiga tsakanin hanya da tagogin gidajen da ke kallon ta.

Itatuwan da ake dasawa a irin waɗannan ayyuka sukan mutu cikin shekara biyu. Me ke kawo haka?

Yawanci ƙasa ce da ƙishirwa. Manyan motocin aiki sun danne filin ya zama kamar daɓe, sai a haƙa ɗan rami a cusa itace, saiwa ta rasa inda za ta bi. Babban itacen inuwa yana son ƙasa mai laushi ta kai kubik mita 20 zuwa 30, shi ya sa dogon rami ɗaya da itatuwa da yawa za su yi tarayya a ciki ya fi ƙananan ramuka. Kada a binne wuyan itacen, inda saiwa ta fara buɗewa. A baza ɓawon itace santimita 5 zuwa 10 a gindi, ban da jikin kututture, a kwance igiyar tallafi bayan shekara guda kafin ta shaƙe shi. Ban ruwa na shekara biyu zuwa uku na farko kuma a rubuta shi cikin kwangilar ɗan kwangila, tare da sharaɗin maye duk wanda ya mutu, a riƙe wani kaso na kuɗinsa har wa'adin ya cika.