Amsa ga ɗana da ke karatu a Samaru

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, na ga saƙonka. Kana tambaya ko fita daga guruf ɗin dangi na WhatsApp don jarrabawa ta matso yanke zumunci ne, tunda goggonka ta yi maka faɗa.

Ba yanke zumunci ba ne. Tun kaka da kakanni ana ɗauke wa mai neman ilimi wasu hidimomi. Almajirin da ya tafi gabas, ƙasar Barno, yakan yi shekaru bai leƙo gida ba, a yi suna a yi biki ba shi, ba wanda ya ce ya watsar da dangi. In ya dawo da sauka, sai ya bi gida-gida yana gaisuwa. Wayar salula ta GSM ma sai 2001 ta shigo Najeriya. Kafin nan ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello wasiƙa yake ba direba a tasha, amsa ta zo masa bayan mako biyu, haɗe da ƙullin ƙuli-ƙuli.

Amma goggonka ma tana da gaskiyarta. Ficewa ka yi ba sallama. Wa ya taɓa tashi daga zauren manya bai ce "na bar ku lafiya" ba? Ka kira ta da bakinka, ka ba ta haƙuri, ka nemi addu'a. In ka koma, ka rufe sautin guruf ɗin kawai har a gama jarrabawa. Rasuwa kuwa ba a yi mata uzuri: ta'aziyya da murya ake yi ko da ƙafa, ba da ɗan hoton hannuwa ba.

Sai dai bari in tambaye ka, tsakaninka da Allah, dangi ne ke cinye maka dare? Ƙanwarka ta ce ƙarfe biyu na dare tana ganinka a TikTok. Wanda ya kwana haka, lakcar ƙarfe takwas gyangyaɗi zai yi, kuma karatun da ake katsewa duk minti biyar ba ya zama a kai. In za ka shiga laburaren Kashim Ibrahim, ka kashe data ka jefa wayar cikin jaka.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, ka kira mahaifiyarka. Wannan kam ban ɗauke maka ba. Kuɗin makaranta zan aiko ƙarshen wata in sha Allahu.

Baffanka.